Yarona yana tashi da ihu cikin dare, ido a buɗe amma bai san ni ba

Maman_Auta

Assalamu alaikum iyaye, dan Allah ku taimaka min da shawara wlh abin ya fara fin ƙarfina. Yarona ne shekararsa 4 da wata 3, yau sati uku kenan kusan kullum sai ya tashi da daddare yana ihu, ba kuka ba fa, ihu irin wanda in kika ji sai ki ɗauka kunama ce ta harbe shi. Nakan kwantar da shi wajen tara da rabi ko goma saura, to sha ɗaya na yi ko ta ɗan gota sai ki ji ya ƙwalla ƙara, in na shigo da gudu in tarar da shi zaune a tsakiyar katifa ya jiƙe sharkaf da gumi, ƙirjinsa na bugawa fat fat har ana gani ta saman singileti, idonsa a buɗe tar amma ba ni yake kallo ba, kamar akwai wani abu a bayana. In na kira sunansa ba ya amsawa, in na rungume shi sai ya ƙara birkicewa yana ture ni yana shure-shure. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yana kiran Umma Umma alhali ni ce riƙe da shi, wlh ranar farko ni ma kukan na sa.

Sai ya yi kamar minti biyar zuwa goma a haka, sannan kawai ya yi luf ya koma ya kwanta kamar ba shi ba. Da safe kuma garau, ya sha kokonsa ya ci ƙosai, in na ce Auta me ka gani jiya da daddare sai ya bi ni da ido, bai ma san an yi ba.

Hajiyar babansu ta ce iska ce, wai ko an bar shi a waje da magariba ko ya taka wani abu, ta sa an karɓo rubutu da hayaƙi, rubutun yana sha amma hayaƙin tari yake sa shi har ya yi kamar zai shiɗe. Maƙwabciyata kuma ta ce in dinga ba shi maganin murar nan mai sa barci kafin ya kwanta. Babansa ya taɓa shafa masa ruwan sanyi a fuska dan ya farka, ranar sai da muka kai kusan ƙarfe ɗaya ba mu runtsa ba saboda da ya farka sai ya tsorata da mu ya kama wani sabon kukan. Ba ya zazzaɓi, yana cin abinci, wannan zangon ma muka sa shi a makaranta yana zuwa lafiya lau, safe boko yamma islamiyya. Dan Allah wadda ta taɓa ganin irin wannan ta faɗa min me ta yi, asibiti zan nufa ko wajen masu ruƙiyya?

Kakar_yara

Wa alaikumus salam 'yata, sannu Allah ya ba shi lafiya. Kwantar da hankalinki. Ɗana na biyu ya yi irin wannan yana ƙarami, har tashi yake ya nufi ƙofa yana barci sai mun sa sakata ta sama inda hannunsa ba ya kai, yau ga shi nan da iyalinsa, kuma ɗiyarsa ta fari ita ma ta ɗan taɓa yi ta bari. Mu da firgita muke ce masa.

Addu'a kam kada ki sake da ita. In kin shimfiɗe shi ki karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ƙafa uku-uku ki tofa a hannu ki shafe masa jiki tun daga kai, ki karanta Ayatul Kursiyyu, sannan ki yi masa addu'ar da Manzon Allah (SAW) yake wa Hasan da Husaini, u'izuka bi kalimatillahit tammati min kulli shaiɗanin wa hammatin wa min kulli ainin lammatin, in mace ce sai ki ce u'izuki. Wannan ba sai kin je wajen kowa ba, bakin uwa ya isa.

Amma hayaƙin nan ki ajiye shi tunda kin ga yana sarƙe shi, ki lallaɓa Hajiya da ladabi ki ce mata ƙirjinsa ne ba ya ɗauka, ita ma son jikanta ne ya sa. Kuma abu ɗaya da zan roƙe ki, kada a riƙa zancen a gabansa. Kin san gidajenmu, kowa ya shigo gaisuwa sai a ce ai Auta ne aljanu suka taɓa, yaro yana zaune yana ji. Shi bai san ya yi komai ba, ku ne za ku shuka masa tsoron dare da bakinku.

Nas_mai_kwanan_asibiti

Maman Auta sannu da ƙoƙari. Ni aikin jinya nake a ɓangaren yara kuma iyaye mata suna yawan zuwa da wannan ƙorafin, yadda kika zayyano shi ɗin nan kamar kin karanto daga littafinmu. Ba zan yanke hukunci ba tunda ban ga yaron ba amma komai da kika faɗa ya yi kama da firgitar barci, kuma ita daban take da mugun mafarki, mutane suna haɗa su ne shi ya sa ake yin abin da bai kamata ba.

Barci hawa-hawa ne. Wanda ya fi nauyi, irin wanda za ki ɗauko yaro daga mota har gado bai motsa ba, yana zuwa ne a awa biyu ukun farko. To lokacin da ƙwaƙwalwa za ta fito daga wannan mai nauyin ta shiga mara nauyi, a wasu yaran sai ta maƙale a tsakani, jiki ya tashi, ido ya buɗe, zuciya ta hau bugu, amma ɓangaren da ke gane mutane da ajiye abu a tuna yana can yana barci. Shi ya sa yake kiran Umma kina riƙe da shi, ba wai ya ƙi ki ba ne, barci yake. Shi ya sa kuma da safe babu abin da zai ba ki labari. Mafarki kuwa ya fi zuwa can bayan tsakar dare zuwa goshin asuba, yaro ya farka sosai, ya gane ki, ya maƙalƙale ki, ya ce kare ne ya biyo shi, ya ƙi komawa barci. Naki awa ɗaya da rabi bayan kwanciya yake yi kuma ture ki yake, kin ga bambancin. Ya fi kama yara daga shekara 3 zuwa 7 ko 8, yana bin jini kamar yadda Kakar yara ta faɗa a sama, ki tambaya a danginku da na babansa za ki iya samun wanda ya yi ko mai tafiya cikin barci, kuma yawanci da girma yake tafiya da kansa.

Yanzu ga inda na tsaya a rubutunki, kin ce wannan zangon ya fara safe boko yamma islamiyya. Da can yana barcin rana ko? Yanzu fa? Ki lissafa, in ya kwanta tara da rabi kika tashe shi shida dan shirin makaranta awa 8 da rabi kenan, alhali ɗan shekara 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13 yake buƙata a kwana ɗaya har da na rana. Yaron da ya tara bashin barci in ya samu ya kwanta sai ya nutse fiye da ƙima, kuma daga wannan nutsewar firgitar take fitowa. Rashin isasshen barci shi ne na gaba-gaba a abubuwan da ke tayar da ita, sai zazzaɓi, sai mara cike da fitsari, sai ƙara ko zafi ko cizon sauro da ke ɗan taɓa shi yana tsakiyar nauyin barci, sai kuma toshewar numfashi.

In ya fara kada ki tashe shi, kada a watsa ruwa, kada a jijjiga shi ko a haske masa ido da tocila, kada gida ya taru a kansa. Ki zauna kusa, ki kawar da abin da zai buge, in zai sauko daga gado ki tare shi a hankali, ki yi addu'arki ƙasa-ƙasa har ya lafa. Na san da wuya uwa ta zauna tana kallo, amma tashinsa shi ke tsawaita abin kamar yadda kuka gani ranar ruwan sanyi. Ki dawo da kwanciyarsa baya, ana idar da isha ya kasance ya ci ya yi fitsari yana shimfiɗa, ban da shayi mai ganye ko lemon kwalba baƙi da yamma, ban da waya. In da hali ya samu ko minti 40 ne bayan azahar kafin islamiyya. Tunda kuma nasa yana da lokaci, ki rubuta ƙarfe nawa yake yi na kwana biyar haka, sai ki riƙa zuwa minti 15 kafin lokacin ki ɗan taɓa shi har ya motsa ya yi guna-guni ko ya juya, ba sai ya wartsake ba, ki bar shi ya koma. A yi haka kullum sati ɗaya zuwa biyu, yana yi wa yara da yawa aiki.

Maganin murar maƙwabciya kuwa dan Allah a'a. Ba ya maganin firgita, wasu yaran ma birkita su yake maimakon ya sa su barci, kuma irin su Phenergan an hana ba ɗan ƙasa da shekara 2 kwata-kwata saboda yana iya danne numfashi.

Maman_Auta

Anti nas wlh kamar kina gidanmu. Da can yana yin barcin rana kusan awa biyu, tunda aka fara makaranta ya daina saboda ana taso su ƙarfe ɗaya, kafin ya ci abinci ya yi wanka uku ta yi an wuce islamiyya, kuma da daddare jiran babansa yake ya dawo daga kasuwa. Ban taɓa haɗa su ba sam. Amma tsorona ɗaya, yaya zan gane ba farfaɗiya ba ce? Akwai mai ita a dangin mahaifiyata, wannan tunanin shi ke hana ni barci ko da shi ya koma.

Baban_yara_Maradi

Salamu alaikum, ku yi haƙuri namiji ya shigo zancen iyaye mata. Ni daga Maradi nike, kuma tawa ɗiyar ɗayan ne ta yi, wato mugun mafarkin, na ce bari in faɗi dan mai karatu ya ga yadda suka bamban. Shekararta 6. Ita sai wajen ƙarfe ukku ko huɗu na dare za ka ji ta tana bubbuga ƙofarmu tana kuka, ta gane mu sarai, ta faɗa jikin uwarta ta ce wani baƙin abu mai dogon hannu ya shigo ta taga. Da safe ma tana tune da shi, har ta kai in magariba ta yi ba ta yarda ta shiga ɗaki ita ɗai, ko bayi sai an raka ta.

Da farko faɗa nike mata in ce babu komi koma ki kwanta, wlh na yi nadamar wannan, dan a wurinta akwai komi. Da na zauna na bincika sai na tarar abu biyu ne. Yayyenta maza suna kallon bidiyoyin ban tsoro a salular uwarsu bayan isha tana leƙe ta bayansu, sannan in ta ƙi cin tuwo ko ta yi ƙiwuya kowa a gidan, har ni, sai mu ce ga dodo nan zai kama ki. Mu muna faɗi mu manta, ita tana kwana da shi. Na hana duka biyun. Na saya mata 'yar fitila mai caji da ke kwana a kunne ƙasa-ƙasa, na ɗauke rigunan da ake ratayewa a ƙusa kusa da taga dan da na kwanta a shimfiɗarta na duba da idona, in iska ta kaɗa su inuwarsu sak hannun da take faɗi.

Na san an hore mu kada mu riƙa yawo da labarin mugun mafarki, amma yaro ƙarami da ya rugo wurin uwarsa ba za ka toshe mashi baki ba. Mukan saurare ta ta gama, sannan uwar ta koya mata abin da sunna ta ce, ta yi tofi ta hagu sau ukku, ta yi a'uziyya, ta juya kwanciya. Samun abin da za ta yi da kanta ya ba ta ƙarfin zuciya sosai. Da rana kuma in tana cikin wasa sai in ce to wannan mai dogon hannun in ya dawo mi za mu yi mashi, ta ce za ta kira zakaran gidanmu ya tsattsage shi, muka yi ta maimaita labarin da wannan ƙarshen har ya zama tatsuniyarta. Cikin wata guda abin ya ja baya.

Sai dai akwai wanda fitila ba ta magani. Nan jiharmu tun 2019 muke karɓar 'yan uwa da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina saboda 'yan bindiga, akwai yaran da suka ji harbi da kunnensu suka kwana a daji, irin waɗannan mafarki ɗaya ke dawo masu kullum, wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, wani ya bar magana. Wanda ke riƙe da irin wannan yaro ya kai shi likita a haɗa shi da masu duba lafiyar tunani, kada a ce ƙuruciya ce zai manta. Haka in yaro ya fara mugun mafarki rana tsaka kuma yana gudun wani mutum ko wani wuri, a lallashe shi a ji ko akwai mai dukansa ko mai taɓa shi.

Ummu_Biyu_Kd

Maman Auta ki saurari numfashinsa in yana barci. Nawa ɗan haka ya yi ta firgita kusan shekara, mun yi addu'a mun gyara lokacin barci amma shiru, ashe minsharin da muke ɗauka gado ne daga babansa shi ne matsalar. Baki a buɗe yake kwana, miyau ya jiƙa filo, sai ki ji numfashin ya ɗauke ɗif na ɗan lokaci sannan ya ja da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe. A gida aka ce belu ne a kira wanzami, Allah ya sa ban yarda ba, muka je wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya ce wani nama ne a bayan hancinsa da na gefen maƙogwaro suka yi girma suna toshe iska. Bayan an yi masa aiki minsharin ya tafi firgitar ma ta bi shi. In naki ba ya minshari to alhamdulillah, na faɗa ne dan wata.

Nas_mai_kwanan_asibiti

Tambayarki a kan hanya take Maman Auta, kuma tunda akwai mai ita a dangi ki kai shi likitan yara ya gan shi ko dan hankalinki ya kwanta. Abin da zai fi taimaka wa likitan shi ne bidiyo, in ya fara ke ki zauna kusa da shi babansa ya ɗauka a waya daga farko har ya lafa, a ga fuska da hannu da ƙafa. Abubuwan da ke sa mu zargi farfaɗiya su ne jiki ya sanƙare ko ya riƙa fizga iri ɗaya, ido ya kafe gefe guda ko ya juye sama, kumfa a baki, cizon harshe, leɓe ya canza launi, ko abin ya zama gajere na daƙiƙoƙi amma ya maimaita sau da yawa a dare ɗaya ba tare da wani tsayayyen lokaci ba, ko kuma ya yi da rana ido biyu. Firgita yawanci sau ɗaya ce a dare kuma a farkonsa. In tana wuce rabin awa, ko yana jin ciwo, ko yana yini a galabaice, nan ma a koma asibiti.

Wanda ba a jira da shi shi ne zazzaɓi. A ƙasar nan yaro mai zafin jiki da ya tashi yana sambatu bai gane mutane ba, ko ya yi jijjiga, ko aka kasa tashinsa, ba a cewa firgita ce a bari sai da safe, maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau haka suke farawa, a daren za a tafi. Masu yara masu asma kuma da ake ba su montelukast, in mugun mafarki ya fara bayan fara maganin ku gaya wa likitan da ya rubuta, tun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mai ƙarfi a kan haka.

Maman_Auta

Salam iyaye, na dawo in ba ku labari yau kwana 12. Mun je likita da bidiyon, ta kalla har sau biyu ta duba shi ta leƙa maƙogwaronsa ta yi min tambayoyi, ta ce firgitar barci ce ba ta ga alamar farfaɗiya ba, ko magani ba ta rubuta ba. Na je na samu malamin islamiyyarsu na roƙa a bar shi ya riƙa zuwa bayan la'asar zuwa ƙarshen zango, ya amince, yanzu yana samun awa ɗaya da rana. Mai wuyar ita ce ta babansa, dan shi ma yana son ya dawo ya tarar da shi ido biyu, sai muka mayar da hirarsu da safe, shi yake kai shi makaranta a mashin yanzu. Takwas da kwata yana kan katifa na yi masa tofi.

Tunda kwanciyar ta matso baya sai lokacin firgitar ma ya matso, daren farko na sa ƙararrawa sha ɗaya saura kwata ashe tun goma saura ya riga ni, sai da na sake lissafi daga lokacin da barci ya ɗauke shi. A kwana 12 ɗin sau uku ya yi, biyu a satin farko, ɗaya shekaranjiya da muka je biki Gwammaja muka dawo dare bai yi barcin rana ba. Shekaranjiyan na zauna a bakin katifa ban taɓa shi ba ina ta karanta Falaƙi da Nasi hannuna na rawa, na duba agogo minti huɗu ya yi ya koma ya kwanta.

Hajiya ta yarda an bar hayaƙin, da na ba ta labarin Kakar yara ma sai ta yi shiru can ta ce ai babansu ma yana ƙarami an sha tsinto shi a zaure yana tafiya cikin barci. Na gode ƙwarai Allah ya raya mana su baki ɗaya. Anti nas, tashin nan na minti 15 in ci gaba har sati biyun su cika ko in tsaya haka in gani?